Yatsan Gwamnati

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Ba-Zama kowa ke ce masa, har jikokinsa, sai dai su suna sa Baba a gaba. Asalin laƙabin ba wani dogon labari ba ne. Duk gidan da ya shiga aka shimfiɗa masa tabarma, ko aka turo masa kujera, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ba zama, wucewa zan yi." A tsaye yake gaisuwa, a tsaye yake jin labarin duniya, abinci ma a tsugune yake ci kamar wanda mota za ta tashi ta bari. In ka gan shi zaune sosai a ƙasa, to salla yake yi. Maƙerin garin, wanda suka taso tare tun suna yawo ba wando, yakan ce ranar da Ba-Zama ya cika sai an ɗora masa dutse a ƙirji kafin ya yarda ya kwanta. Shi kuma ya ce, "Kai dai fara tafiya in ga yadda ake yi."

Gajere ne, busasshe, amma hannuwansa kamar an aro su daga wani ƙato. Bai gama girma ba mahaifinsa ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar masa gona da fartanya da ƙanne masu jiran abinci. Tun daga nan hannun bai huta ba. Da damina yana gonar tudu, masara da wake. Da rani yana lambu a bakin rafi, tumatir da albasa. Tsakanin wannan da wancan yana tufka igiya, yana gyara shinge, yana kwashe duwatsu daga gona ya jera su a kan iyaka. Tafin hannunsa ya yi kanta har ya koma kamar tafin ƙafa. Yakan ɗauko garwashi da yatsu ya kai wa matarsa murhu, ƙaya kuma in ta gamu da shi ita ke karyewa. Lokacin da 'ya'yansu ke ƙanana, matar takan hana shi shafa kan mai barci, ta ce, "Malam, bar shi haka, kankare shi za ka yi."

Abin da ya tara a duniya bai wuce shanun huɗa biyu ba. Rani da yawa ya yi yana ban ruwa da guga kafin ya haɗa su, ɗaya a wannan shekara, ɗayan sai da aka jima. Na farko ya sa masa suna Shiru, don ko wa ya riƙe igiyarsa zai bi. Na biyu Gardama, wanda in ka ce masa gabas sai ya dubi yamma. Amma in aka ɗora musu karkiya tare, Shiru ke riƙe layi, Gardama ke ba da ƙarfi, kunya ta fita a miƙe kamar an ja zare. Da su yake huɗar gonarsa, ya yi wa wasu ma su sallame shi. Da safe, kafin ya ce wa matarsa ina kwana, ya riga ya leƙa turke. Ta san da haka, ba ta kuma taɓa sa abin a ranta ba.

Sai shekarar annobar korona ta zo. Cutar kanta ba ta shiga gidansa ba, alhamdu lillahi, amma dokar kulle ta shiga. An rufe hanya daidai lokacin da tumatir ya nuna, manyan motocin da ke zuwa ɗauka ba su zo ba. Ya jera kwanduna a bakin titi, ya rufe su da ganye, yana tsaye a kansu yana duban hanya, har ruwa ya fara tsatsafowa ta gindin kwandunan, ƙudaje suka taru. Matarsa ta yanka abin da wuƙarta ta iya ta shanya a kan rufi da tabarmi, sauran ya kwashe da hannunsa ya zuba a rami. Albasa kuma ta tsiro a ɗaki. Ɗansu na birni, wanda ke ɗan aiko da abin da ya samu, an rufe shagon da yake wa aiki, shi ma yana can a kulle da iyalinsa. In ya bugo waya, haƙuri kawai suke ba juna.

Kuɗin lambu ne ke sayen taki, su ke sayen dusar shanu, su ke riƙe tukunya har sabon hatsi ya shigo. A wannan shekara babu su. Ruwan sama kuwa bai san da kulle ba, ya sauka a kan lokacinsa. Ba-Zama ya yi huɗa, ya shuka irin da ya ajiye, masara ta fito tana jiran taki, rumbu ya fara nuna gindinsa. Nan ne wani dillalin dabbobi, wanda da bai san ƙofar gidan ba, ya tsiri zuwa gaisuwa. Bakinsa yana tambayar lafiyar iyali, idonsa yana kan Shiru.

"Malam Ba-Zama, in abin ya matsa ina nan. Ba sai ka kai shi ko'ina ba, kasuwar ma a rufe take."

"Na ji. A gai da gida."

Ya san in sauƙi bai zo ta wata hanya ba, ƙarshenta sai ya kira mutumin. Ya kuma san sa ɗaya ba ya jan garma. Sayar da Shiru sayar da su biyun ne, sai dai a bar masa Gardama a turke yana harararsa.

Ana cikin haka rediyo ta ce gwamnati za ta ba manoma tallafi saboda asarar da kulle ya jawo musu. Kowa ya je da katinsa na shaida, ya ɗora yatsa a kan na'ura, in ta gane shi kuɗi su shigo masa. Ma'aikatan suka sauka a makarantar firamare, tunda yara ba sa zuwa. An zana da'irori da farar ƙasa a filin makarantar, kowa ya tsaya cikin tasa nesa da ɗan'uwansa, baki da hanci a rufe. Maƙeri ne a da'irar da ke bayan ta Ba-Zama.

"Kai Ba-Zama, shekara nawa kana sa wa Gardama takunkumi don kada ya ci shukar mutane? Yau ga shi an sa maka. Alhakinsa ne."

"Ni nawa na cuta ne. Kai naka na surutu ne, da ma an daɗe ana neman mai ɗaura maka."

Da layi ya zo kansa ya shiga ajin. An tattara bencina an jibge su a baya, allo har yanzu da ragowar darasin ranar da aka rufe makaranta. Wata ma'aikaciya ce zaune a teburin malami, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autarsa ba, idanunta kawai ake gani, su ma sun gaji. A gabanta akwai wani ɗan abu kamar kwalin ashana mai gilashi a sama. Ta fesa masa wani ruwa mai sanyi mai warin asibiti a hannu, ta karɓi katin.

"Sannu Baba. Kawo na hagu."

Ya ɗauka bakinta ne ya kuɓuce. Shi da bai taɓa miƙa wa ko jariri abu da hagu ba, yau zai miƙa wa hukuma? Ya ba ta dama.

"Ɗayan, Baba."

Ta kamo hagun da kanta, ta ɗora babban yatsan a kan gilashin. Wata 'yar fitila ta yi ja. Ta goge gilashin ta sake, ja. Ta ce ya goga yatsan a goshinsa ko zai ɗan samu maiƙo, ya goga, ja. Don kada ransa ya ɓaci ta gwada na daman ma da yake ta turo mata, shi ma ja. Sai ta juya tafin hannunsa sama, ta tsaya tana kallo ta daɗe.

"Baba, babu zane. Kowane mutum yana da zane a yatsa, siriri, kamar kunyoyin gona. Shi take karantawa. Naka ƙota ta cinye shi."

"To ita na'urar me ta ce?"

"Ba ta ganin ka."

"Ga ni kuwa a tsaye, 'yata."

"Na gan ka, Baba. Wallahi da ni ke ba da kuɗin, hannun nan kaɗai ya isa shaida. Amma in ba ta yi kore ba, can sama ba za su saki ba."

Ta ce akwai dabara. Ya hutar da hannu, ba fartanya, ba igiya, ya riƙa shafa mai safe da yamma, zanen yakan dawo. Za su zagayo nan da mako biyu ko uku. Ta ƙara wata magana, amma takunkumi ya haɗiye rabinta, kunnensa ɗaya da ma ya yi nauyi, na baya kuma sun fara gunaguni. Shi ba mai sa mace ta maimaita magana ba ne. Ya ce an gode, ya fito.

Maƙeri kuwa sau ɗaya ya ɗora ta yi kore. Shekara da shekaru da awartaki yake kama ƙarfe, gonarsa kuma surukinsa ke nome masa. Ya fito yana kaɗa yatsa a iska.

"Ka ga amfanin zama?"

"Ashe tallafin na malalata ne," in ji Ba-Zama. Bai yi dariya ba.

A gida matarsa tana tsince tsakuwa daga 'yar masarar da ta rage. Ya tsaya a kanta ya ce, "Uwar yara, gwamnati ta ce sai na daina noma kafin ta yarda ni manomi ne." Ya kwashe labarin duka ya faɗa mata. Lokacin noman farko ne, ciyawa tana tsere da masara, wanda ya ajiye fartanya a irin wannan lokaci ya ajiye shekararsa. Ya yi ta kai da komo tsakanin turke da ƙofar ɗaki, can ya tsaya.

"Ai yatsa ɗaya suke so. In ba su ɗaya, in yi aiki da tara."

"Wanne ta ce?"

"Wa ya taɓa karɓar alheri da hagu? Yarinya ce, ta gaji, hannun da ya fi kusa da ita ta kama."

Matar ta bar shi a haka. Ba ta je wurin ba, shi ya je. Ta ɗauko wani tsohon takalminsa na fata ta yanke harshensa, ta ɗinka ɗan kube daidai babban yatsansa na dama, ta zaro auduga daga matashin kai ta shimfiɗa a ciki, ta sa masa igiya da za a ɗaure a wuyan hannu.

Kafin kwana biyu gari ya sa wa abin suna Yatsan Gwamnati. In Ba-Zama ya bi ta gaban maƙera, maƙeri yakan ajiye guduma ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ya gajiyar mulki?"

"Lafiya lau."

"Ba da kai nake ba, talaka. Da mai girma nake, na cikin kube."

Ba-Zama yakan ce Allah Ya shirya, ya wuce, yatsa a miƙe sama kamar mai neman izinin magana.

Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san aikin da babban yatsa ke yi ba. Shi ke kulle ƙota a hannu. Da babu shi, fartanya ta riƙa juyawa, tana zamewa, wani sa'in ta sare masara maimakon ciyawa. Sai ya mayar da nauyin aikin duka kan hagu. Kunyar da yake gamawa kafin rana ta ɗaga, yanzu sai ta kai tsaka bai fita ba. Wuyan hannunsa ya kumbura. Matarsa, duk da ciwon gwiwa, ta riƙa bin sa da 'yar kujerarta tana zama tsakanin kunyoyi tana cire ciyawa da hannu. Suka tsare rabin gonar da ke kusa da hanya. Rabin da ke bayan babbar bishiya kuwa, ciyawa ta ga babu mai tsawata mata, ta miƙe.

Kullum bayan la'asar, in ya kwance kuben ya yi alwala ya yi salla, sai ta ce ya zo bakin ƙofa inda haske yake. Ta ɗora hannun a cinyarta, ta lakato mai, ta riƙa murza yatsan a hankali. Shekarun da suka yi tare suna da yawa. Daga hannun nan ta karɓi hatsi, ta karɓi zanin ɗaurawa, ta karɓi jariri da za ta goya, amma ba ta taɓa riƙe shi haka kawai yana kwance ba ya komai ba. Shi kuma kunya ta sa ya riƙa kau da kai yana kallon shanu, yana yi musu faɗan da ba su yi laifinsa ba.

Wata rana ta karkata yatsan wajen rana, ta matso da ido.

"Malam, kamar na ga wani abu."

"Ya tsiro?"

"Ya fara. Ɗan siriri, nan gefe."

"To ƙara masa taki."

Ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi, ta ƙara lakato man.

Ranar da ma'aikatan suka dawo ya sa rigarsa mai kyau. Ya sami yarinyar nan a teburinta, ya kwance kuben a gabanta a hankali, kamar mai buɗe ƙunshin kyauta. Yatsan ya fito fari, laushi, kamar ɓararren dankali a jikin sauran 'yan'uwansa baƙaƙe. Zane kuwa ga shi nan zagaye-zagaye, ko daga tsaye ana gani.

"Kai, Baba, masha Allah!" Idanunta suka yi murmushi. Sai murmushin ya tsaya. Ta dubi katin, ta dubi hannun. "Baba, na hagu fa na ce."

"Na dama ya fi albarka, 'yata."

"Ba maganar albarka ba ce. Lokacin da aka yi maka katin nan, na hagu aka ɗauka. Shi kaɗai ta sani. Ko na dama ya yi kyau kamar na jariri, baƙo ne a wurinta."

Nan take ya tuna. Shekarar da aka zo yin katin, lauje ya yanke shi a babban yatsan dama, yana ɗaure da tsumma, mai ɗaukar ya ce kawo ɗayan. Ya manta da abin tun ranar, kamar yadda mutum ke manta tuntuɓe.

Duk da haka ta gwada na daman, ja. Ta gwada na hagun, wanda ya kwashe makonnin nan yana aikin hannu biyu har ya tsattsage, ja. Ta sunkuyar da kai tana gyara takunkuminta ba tare da ya karkace ba. Maƙeri ya rako shi don ya sami abin tsokana, yana tsaye a bakin taga, ya ji komai. Bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi duk wata tsokana yi wa Ba-Zama ciwo.

"Baba, mu ba za mu sake dawowa nan ba. Amma ofishinmu na cikin gari yana karɓa har ƙarshen wata mai zuwa, daga nan a rufe. Ka same ni can." Wannan karon ta ɗaga murya, ta dafa hannun da take nufi. "Wannan. Na hagu. Kuma hannun duka za ka hutar, ba yatsa kaɗai ba, ka ga yadda ya tsage har ciki."

Bai nufi gida ba, gona ya wuce. Ya tsaya a gindin babbar bishiyar ya dubi gaba, ya dubi baya. Rabin da ke kusa da hanya fes yake, sai dai masarar ta fara rawaya don rashin taki. Na baya kuwa ciyawa ta kamo masara a tsawo. Da hannu biyu, in ya duƙa daga yau, zai iya ƙwato ta. Amma hannu biyu a gona yana nufin babu tallafi, babu tallafi kuma yana nufin Shiru ya tafi. Da hannu ɗaya, rabin gaba ma da ƙyar.

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da dillali a ƙofa, bakin igiya yana leƙowa daga aljihunsa.

"Na ji abin da ya faru, Malam. Sai haƙuri. Na ce bari in zo in rage maka wahala."

Ba-Zama ya wuce shi ya shiga. Ya tsaya a turke ya ɗora hannu a tozon Shiru, shi kuma ya juyo yana shinshinar rigarsa. Matarsa tana bakin murhu, ta juya musu baya. Tun da suke bai taɓa neman shawararta a kan gona ko dabba ba, ba don raini ba, haka dai ya taso ya gani.

"Uwar yara, ke me kika gani?"

Ta ɗan jima tana gyara itace a wuta.

"Masarar nan ta bana ce kawai, Malam. Shiru kuwa na san ranin da ka yi kafin ya shigo gidan nan. Ni ke wanke maka rigar."

Ya sauke hannu daga tozon Shiru. Sannan ya leƙa waje ya ce wa dillali, "Ka koma da igiyarka, na gode da zumunci."

Washegari da safe ya kora shanun zuwa bayan bishiya. Hannunsa na hagu yana rataye a ƙirji cikin tsohon ɗankwalin matarsa. Ya kafa turaku da hannun dama, ya zare wa Gardama takunkumi, ya sake su cikin masarar da ya shuka da kansa. In ba zai iya nome ta ba, gara ta zama abincinsu, a huta da neman dusa. Masu wucewa ta hanya suka riƙa tsayawa. Ba a taɓa ganin manomi ya sa shanunsa cikin ɗanyar shukarsa ba, balle Ba-Zama, wanda ciyawa ba ta kwana biyu a gonarsa. Gardama bai yi wata-wata ba. Shiru kuwa ya tsaya yana dubansa, kamar yana jiran a daka masa tsawa. Da karan farko ya karye, Ba-Zama ya juya baya ya kama hanyar rabin gaba.

Bayan kwana biyu maƙeri ya same shi can yana fama da babbar fartanya da hannu ɗaya. Ya jefa masa wata 'yar ƙarama a gabansa, mai gajeriyar ƙota, bakinta siriri, ba ta da nauyi.

"Ga ta 'yan koyo. Aro ne fa, ba kyauta ba. In gwamnati ta gama da hannunka ka dawo min da ita."

"Wa ya ce ka wahalar da kanka?"

"Ba don kai na yi ba. Shiru nake tausayi, kada ya faɗa hannun mutumin nan."

Haka suka yi ta tafiya. Yatsan dama da aka sha wahalar rainonsa ya koma bakin aiki, cikin 'yan kwanaki zanensa ya gudu. Hagu kuma ya hau cinya bayan la'asar. Abinci ya ragu a kwano, babu wanda ya ambata. Busasshen tumatir da matar ta shanya ya yi rana, ta riƙa ba maƙwabta suna ba ta hatsi. Abin da ya fi damunsa ba yunwa ba ce, ganin igiya ta kwance ne ya kasa ɗaure ta sai ya kira wani.

Da wata ya kusa ƙarewa ya hau bayan babur ɗin surukin maƙeri zuwa cikin gari, hannu a ƙirji kamar mai karaya. Ofishin ɗaki ne ƙarami mai fanka da ba ta juyawa. Yarinyar ta gane shi tun daga ƙofa, ta miƙe tsaye.

"Baba! Wanne ka kawo min yau?"

"Wanda kika ce. Allah Ya yafe min rashin ladabi."

Ya miƙa mata hagu. Ta ɗora, ja. Ya ƙara danna yatsan. Ta ce kada ya danna da ƙarfi, ba ƙasa yake tona ba, ya ajiye shi kawai. Ya yi bismilla a ransa, ya ajiye shi a hankali. 'Yar fitilar ta yi jim, sannan ta yi kore.

"Ta gan ni?"

"Ta gan ka, Baba."

Ya daɗe yana kallon fitilar har ta mutu da kanta.

Kuɗin ba su shigo a ranar ba, sai da aka ɗan ja rai, kuma ba su kai yadda rediyo ta sa mutane suka zata ba. Amma sun sayi takin rabin gona, sun sayi hatsin da zai kai su kaka, da ɗan abin da za a ajiye na dusa. Dillali ya daina zuwa gaisuwa.

Damina ba ta ƙare ba, akwai sauran ruwan da zai ishi wake. Rabin baya shanu sun cinye shi tas, sun bar masa kashinsu a madadin masarar. Da sassafe ya ɗora musu karkiya, sun yi ƙiba har igiyar wuyan Gardama sai da aka ƙara mata tsawo. Ya kama garma da hannu biyu, ya yi musu magana, suka ja. Ƙasa ta riƙa juyewa baƙa, tana rufe kututturan masara.

Wajen hantsi ya ji wani abu yana yi masa zafi. Ya tsayar da shanun a ƙarshen kunya ya duba. Bororo ne ya tashi a gindin babban yatsan hagu, ya cika da ruwa, irin wanda ke fito wa yaro ranar da aka fara ba shi fartanya. Ya tsaya yana juya hannun yana kallo, ga furfura a gemu. Sai da ya kai azahar sannan ya kwance su ya koma gida.

"Uwar yara, zo ki ga abin da gwamnati ta yi min."

Ta kama hannun ta duba, ta girgiza kai. Ta ɗauko allura ta sa bakinta a wuta, ta huda a hankali, ta matse ruwan, ta yage ƙyalle mai tsabta ta ɗaure.

"Kada ka sa shi a ƙasa yau, Malam. Danye ne."

"To."

Ta shiga ɗaki ta yi la'asar. Tana cikin addu'a ta ji ƙarar sarƙar garma tana ja a ƙasa ta bakin ƙofa, da muryarsa ƙasa-ƙasa yana ce wa Gardama ya bi a hankali kada a ji su.